Kowace Shekara Ina Yi wa Allah Alkawari, Kowace Shekara Ina Karyawa

Salama a gare ki Mama, da barka da sabuwar shekara.

Ni mace ce mai shekara 37, malamar firamare a Kafanchan, ina da aure da yara uku. A ikkilisiyarmu ni ce magatakardar Zumuntar Mata, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina kuma koyar da yara a makarantar Lahadi. Litinin taron shugabanni, Talata zumunta, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis da Asabar koyon waƙa. In an yi biki ko rasuwa ni ake nema. Ran Lahadi nakan fita ƙarfe 7 na safe, sai wajen 3 nake dawowa.

Shekara huɗu a jere, daren ƙetare shekara ina durƙusawa in yi wa Allah alkawarin zan karanta Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayin Yahaya, zan kuma riƙa tashi ƙarfe 4 na asuba in yi addu'a. Ban taɓa wuce Littafin Firistoci ba. In na gama aikin gida a gajiye sai in ɗauki waya in ce minti goma, kafin in farga sha biyu ta gota.

Maigidana ba mafaɗaci ba ne, amma ran Kirsimeti ya ce mini, "Coci kika aura, mu 'yan haya ne a wurinki." Babban ɗana yana aji shida, sakamakonsa ya yi ƙasa sosai, ni kuwa malama. Mahaifiyata tana ƙauye ba lafiya, tafiyar awa biyu ce a mota, rabona da ita tun Ista. Kaina yana yawan ciwo.

Bana na kasa yin alkawarin. Mutane suna rawa suna murna, ni ina zaune ina hawaye. Na yi tunanin ajiye wasu ayyukan, amma ina tsoron kada ya zama na juya wa Allah baya, ga kuma bakin matan zumunta. Mama, zunubi ne in ajiye aikin Ubangiji? Ta ina zan fara?

'Yarki cikin Almasihu.

*

'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke, barkanmu da ganin sabuwar shekara.

Bari in amsa tambayarki tun kafin in shiga bayani, don kada ki karanta sauran da faɗuwar gaba. A'a, ba zunubi ba ne ki ajiye wasu daga cikin ayyukan nan. A yadda na karanta wasiƙarki ma, ajiye su shi ne biyayyar da ke gabanki bana. Hawayen da kika yi a daren nan kuwa ban ɗauke su alamar sanyin bangaskiya ba. Wadda zuciyarta ta yi nisa da Allah ba ta kuka don ta kasa cika masa alkawari. Bakinki ya ƙi furta abin da kin san ba za ki iya ba, wannan kuwa gaskiya ce, Allah kuma yana son gaskiya a zuci.

Ki ɗauko takarda ki ƙirga tare da ni. Mako yana da maraice bakwai. Litinin, Talata, Laraba, Alhamis da Asabar kin riga kin bayar, biyar ke nan. Lahadi kina dawowa ƙarfe 3 bayan awa takwas a tsaye, abin da ya rage a jikinki bai isa a kira shi maraice ba. Saura Juma'a kaɗai, ita ma in ba a yi rasuwa ko shirin biki ba. To, yara da safe suna makaranta, ke ma haka, maigida yana wurin nemansa. Maraice ne kaɗai lokacin da gida yake zama gida, kowa ya ga fuskar kowa. Mutum huɗu suna rabon maraice ɗaya a mako, ga tsohuwa a ƙauye da ko ɗayan ba ta samu. Ban ga lalaci ko kaɗan a wasiƙarki ba. Na ga macen da aka yi ta ɗora wa kaya tana cewa to, har wuyanta ya sage, sannan a daren ƙarshen shekara ita da kanta ta ƙara wa kanta wani ƙunshin a sama. Shi ya sa nake so bana mu bi ta wata hanya dabam: kafin ki ƙara ko abu ɗaya, sai mun sauke.

Akwai ayar da ake yawan karantawa a farkon shekara, Afisawa 5:15-16, inda Manzo Bulus ya ce mu lura da tafiyarmu kamar masu hikima, mu yi matuƙar amfani da zarafi domin kwanakin miyagu ne. Da yawa cikinmu muna jin ayar nan kamar bulala, wato ƙara gudu, ƙara aiki. Amma kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a harshen Helenanci kalmar kasuwa ce, ta saye. Ke kuwa kin san kasuwa. Ba a sayen abu sai an rabu da wani abu, kuma wanda ya je da kuɗin mudu ɗaya ba ya dawowa da buhu. Sayen zarafi yana da farashi, farashin kuma sau da yawa abu ne mai kyau. Barin mugun abu kowa ya san dole ne. Wahalar tana wurin barin abu mai kyau saboda wanda ya fi shi. Ki tuna kuma Bulus yana ɗaure ne sa'ad da ya rubuta wannan wasiƙa, ba ya iya zuwa taro ko ɗaya. In da yawan zirga-zirga ne ma'aunin amfani da lokaci, da shi kansa ya faɗi jarrabawar.

Kin ce kina tsoron ajiye aikin Ubangiji. Ki buɗe Fitowa sura 18. Musa yana zaune yana yi wa jama'a shari'a daga safe har yamma, aikin Allah ne zalla, ba kasuwanci ba. Surukinsa Yetro ya zo ya tsaya ya kalli abin kwana ɗaya, ya ce masa abin da kake yi ba daidai ba ne, za ka gajiyar da kanka da mutanen nan duka, kayan ya fi ƙarfinka. Musa, mutumin da ya yi magana da Allah a kan dutse, ya saurari tsohon, ya zaɓi shugabanni na dubu dubu, na ɗari ɗari, na hamsin hamsin da na goma goma, ya raba musu. Haka manzanni suka yi a Ayyukan Manzanni sura 6 da rabon abincin gwauraye ya taso da gunaguni: suka ce a zaɓi mutum bakwai su riƙe wannan, su kuwa su tsaya ga addu'a da hidimar Kalma. A cikin bakwai ɗin nan aka sami Istifanas, wanda aka fara kashewa saboda Almasihu, da Filibus mai bishara. Da manzannin sun rungume kome a ƙirjinsu, wa zai san akwai irin waɗannan mutane a cikin taron? Ina da tabbacin a bencin baya na zumuntarku akwai yarinyar da ta iya rubutu tsaf, ba ta taɓa riƙe littafin taro ba don kullum yana hannunki.

Yanzu ga abin da zan yi da ni ce ke. Makarantar Lahadi zan riƙe. Koyarwa ce baiwarki, a kanta kike cin abinci, kuma ba ta cin maraicenki ko ɗaya. Zumunta ta ran Talata zan ci gaba da zuwa, amma a matsayin mamba, in zauna a ciyar da ni. Ƙungiyar mawaƙa zan nemi hutun shekara ɗaya, domin ita kaɗai tana cin maraice biyu. Aikin magatakarda kuma zan miƙa shi a hankali, daga yanzu zuwa Ista, domin shi ne yake jawo taron Litinin da kiraye-kirayen waya da ba su da iyaka. In kika yi haka, Litinin, Alhamis, Juma'a da Asabar sun dawo gida. Addu'ar Laraba kuwa ku je tare da yara da babansu in zai yiwu, ta zama fitar iyali.

Mai yiwuwa ki ce, Mama, waƙar nan ita ce inda raina yake shan ruwa. In haka ne ban hana ki ba, na san mata da yawa da a cikin waƙa suke haɗuwa da Ubangiji fiye da ko'ina. Sai ki riƙe waƙar, ki roƙi shugaban mawaƙa ya yarda ki riƙa zuwa koyo sau ɗaya a mako, ki kuma gaggauta miƙa aikin magatakardar tun a watan nan. Ke kika san wanda yake ciyar da ke da wanda yake tatsarki. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ki riƙe ukun duka ki ce za ki ƙara ƙoƙari. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku.

Yadda za ki faɗa yana da muhimmanci ƙwarai. Kada ki aika saƙon WhatsApp, kada kuma ki tashi a tsakiyar taro ki sanar. Ki shirya ki je gidan shugabar zumunta da ƙafarki, ki gaishe ta yadda ya kamata, daga nan ki je wurin Mama Fasto, matar fastonku. Ki ce musu, "Mama, na zo neman albarkarku ne. Gidana yana bukatata, mahaifiyata ba lafiya, ni ma jikina yana ba ni alama. Ina so in miƙa littafin nan kafin Ista. Ga wance da wance, zan zauna da duk wadda kuka zaɓa in koya mata har ta iya." Kin ga kin zo da dalili, da rana, da magaji. Za su roƙe ki ki ƙara ko shekara ɗaya, kusan tabbas. Ki yi godiya, ki maimaita maganarki da murmushi, kada ki sake ranar.

Ki kuma yi musu adalci a zuciyarki. Matan nan ba mugunta ce ta sa suka jibga miki aiki ba. A yawancin ikkilisiyoyinmu, duk macen da ta yi boko, take zuwa a kan lokaci, ba ta kuma taɓa kuɗin jama'a, ita ce kowa yake rugawa wurinta. Amana ce suka gani. Wasu za su ji zafi, wata ma za ta ce kin fara girman kai ko kin ja da baya. Maganar za ta yi mako biyu ko uku ta mutu, musamman in suna ganinki kowace Talata a zaune kina waƙa tare da su. Akwai kuma tambaya ɗaya da nake so ki yi wa kanki a ɓoye, ba don in zarge ki ba, don dukanmu masu hidima muna fama da ita: in aka yi biki ba a neme ki ba, kome kuma ya tafi daidai, za ki ji daɗi ko za ki ji wani abu ya soke ki? Akwai zaƙi a cikin a ce "in ba ke ba, ba ya yiwuwa." In kin sami wannan a ranki, ki kai shi gaban Ubangiji, shi ma kaya ne da ake saukewa.

Maganar maigida ta yi miki ciwo, na sani, musamman da ta faɗo ran Kirsimeti. Amma ki sake saurarenta. Mutumin da ba mafaɗaci ba, in ya buɗe baki ya faɗi irin wannan, ya daɗe yana haɗiyewa. Bai ce ki bar Allah ba. Cewa ya yi yana kewar matarsa, sai dai maza da yawa ba su iya faɗin haka kai tsaye. Ki samu daren da yara suka kwanta, ki ce masa, "Baban yara, maganarka ta ran Kirsimeti ta zauna mini, kuma ka yi gaskiya. Ga abin da nake shirin yi." Ki nuna masa takardar maraicen nan bakwai. Ki bar shi ya sa baki a kan abin da za a ajiye, don shawarar ta zama taku ku biyu, in magana ta taso a coci ya tsaya a bayanki.

Sai dai shi ma yana da nasa kason, kada ki ji kunyar faɗa masa. Ba na so ki sauke kayan coci ki dawo ki tarar da na gida ya ninku a kanki ke kaɗai. Yaron nan ɗansa ne, addu'ar iyali kuma shi ya kamata ya ja gaba. Ki roƙe shi ya ɗauki maraice biyu yana zama da yaron a kan lissafi ko karatu, ya kuma riƙa tara ku minti goma bayan tuwon dare a karanta aya a yi addu'a. Yaro ɗan aji shida ya isa wanke kwanuka da ɗebo ruwa, ƙannensa su yi shara. Idan kuma ya zarce ya ce ki bar kome da kome ki zauna gida, wannan ya wuce gona da iri. Ibraniyawa 10:25 ta ce kada mu bar taruwarmu. Ki gaya masa haka cikin ladabi, in ta kama ku je wurin dattijon ikkilisiya da kuka amince da shi ku biyu.

Game da ɗanki, na ji kunyar da ke cikin kalmar nan taki, "ni kuwa malama." Ki ajiye kunyar, ba ta gyara sakamako. Kada kuma ki fara da jan biro da tsawa. Ki fara da tambaya. Yaro ba ya faɗuwa haka kawai: wani allo ne ba ya gani sosai, wani abokai ne, wani ana cin zalinsa a makaranta, wani kuwa ya lura ba mai buɗe jakarsa ne. Ki je ki ga malamin ajinsu, malami da malama ba sa ɓoye wa juna. Jarrabawar shiga sakandare tana gabansa, amma akwai sauran lokaci in aka fara yanzu da zangon nan na biyu.

Akwai wata mata a Ingila, Susanna Wesley, mahaifiyar John da Charles Wesley waɗanda ikkilisiyar Methodist ta samo asali daga hidimarsu. Ta haifi 'ya'ya 19, kusan rabinsu sun rasu suna ƙanana. A wata wasiƙa da ta rubuta wa mijinta a 1712 ta bayyana cewa kowane dare tana keɓe lokaci ta zauna da ɗa guda shi kaɗai, kowa da ranarsa. Ranar John Alhamis ce, har ya girma bai manta da wannan zama ba. Ke uku gare ki. Litinin na babba, Alhamis na mai bi masa, Juma'a na auta, ko rabin awa ne, a kan tabarma ko kuna tsinkar alayyafo tare, wayarki tana ɗaki. Za ki ji abubuwan da ba ki taɓa sanin suna cikin gidanki ba.

Waya kuwa, ba zan yi miki wa'azi a kanta ba, don na fahimci abin da take yi miki. Tun asuba kowa yana cewa ba ni, ba ni: 'yan aji, matan zumunta, yara, maigida. Ƙarfe goma na dare ne kaɗai lokacin da ba mai neman kome a wurinki, shi ya sa kike ƙin sakinsa. Hutu kike nema, sai dai wayar tana karɓar barcinki ba ta ba ki hutun. Ki duba lissafin: awa biyu kowane dare, awa 14 ke nan a mako, awa 730 a shekara, wato wata guda cur, dare da rana. A cikin saitin yawancin wayoyin zamani akwai wurin da yake nuna awa nawa kika yi a kan Facebook ko TikTok ko WhatsApp kowace rana. Ki buɗe ki gani da idonki. Daga nan ki sa doka mai sauƙi: ƙarfe 9 waya ta kwana a falo, ki sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa don tashi. Rukunonin WhatsApp ki kashe musu ƙara, ki gaya wa shugabanni in abin gaggawa ne da dare a kira lambar maigida. In maraicenki suka dawo, za ki sami hutun gaske da rana tana sama, ƙishin wayar zai ragu da kansa.

Wannan ya kawo mu ga tashin ƙarfe 4. 'Yata, wadda ta kwanta sha biyu ta tashi huɗu, awa huɗu ta yi, babba kuwa yana bukatar wajen awa bakwai. Abin da ya karya alkawarin nan naki tun dare yake faruwa, kafin asubar ta zo. Ki kwanta ƙarfe 10, ki tashi 5, ki ba Ubangiji minti ashirin na farko kafin ki hura wuta. Ki karanta 1 Sarakuna 19 ki ga yadda Allah ya bi da annabi Iliya sa'ad da ya gaji har ya roƙi mutuwa a gindin itace. Bai fara da tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci, sannan aka yi maganar tafiya. Ciwon kan nan kuma kada ki yi ta danne shi da ƙwaya. A makon nan ki shiga asibiti ko wurin ma'aikacin lafiya a auna miki jini. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da ya yi hayaniya ba, awon kuma minti biyar ne. In kina tunanin shiga azumin farkon shekara da ikkilisiyoyi da yawa suke yi, ki fara yin awon tukuna.

Alkawuran shekara huɗun da suka wuce, ba zan ce miki ba kome ba ne. Mai Hadishi sura 5 ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka kasa cikawa. Ki durƙusa sau ɗaya ki furta, ki ce Ubangiji na yi maka alkawarin da ya fi ƙarfina, ka gafarta mini. 1 Yahaya 1:9 ta tabbatar mana in mun furta, shi mai aminci ne, zai gafarta. Daga nan ki tashi, kada ki sake komawa kansu. Bana ki yi shiri a madadin wa'adi, ki ce in Ubangiji ya yarda, yadda Yaƙub 4:15 ta koya mana.

Ga shirin. Littafi Mai Tsarki yana da sura 1,189, mai son gama shi a shekara sai ya karanta fiye da sura uku kullum ba fashi. Shi ya sa in mutum ya yi fashin mako ɗaya sai bashin ya taru, ga shi kuma ya iso Firistoci da dokokin hadayu, sai gwiwa ta yi sanyi. Sabon Alkawari kuwa sura 260 ne. Shekara tana da mako 52, in kika karanta sura ɗaya daga Litinin zuwa Juma'a, 5 sau 52 ya ba ki 260 daidai, ba ragi ba ƙari. Sura ɗaya ba ta wuce minti biyar zuwa goma. Ki fara da Markus, sura 16 ce kawai, cikin mako uku da kwana ɗaya kin gama littafi guda, ki ji daɗin gamawa da kika daɗe ba ki ji ba. Asabar da Lahadi ki cike gurbin da kika tsallake, ko ki karanta Zabura ɗaya. Ran da kika makara, akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake saurara a waya, ki kunna kina dama koko. Tun 1932 muke da cikakken Littafin a harshen nan, iyayenmu da yawa da ba su yi boko ba da kunne suka haddace shi. Ran da kika yi fashi kuma, don za ki yi, wataƙila tun kafin Fabrairu ta ƙare, kada ki koma farko, kada ki jira wata Janairu. Ki buɗe inda kika tsaya. Tsohon Alkawari yana nan yana jiranki baɗi, a raba shi shekara biyu.

Na bar maganar mahaifiyarki a ƙarshe ne don ita ce ta fi tsaya mini a rai. Sauran abubuwan duka suna iya jira zuwa Ista. Wannan ban sani ba ko tana iya jira, ke ma ba ki sani ba. Zabura 90, addu'ar Musa, ta ce kwanakinmu shekara 70 ne, ko 80 in da ƙarfi, sannan ta roƙi Allah ya koya mana ƙidaya kwanakinmu don mu sami zuciya mai hikima. Mukan karanta ta muna tunanin namu kwanakin. Ki ƙidaya nata.

Ki kuma karanta Markus 7:9-13 a hankali. Yesu ya tsawata wa malaman da suka koya wa mutane cewa in mutum ya ce wa iyayensa abin da zan taimake ku da shi na riga na keɓe wa Allah, shi ke nan ya kuɓuta daga kula da su. Ya ce da haka suke soke maganar Allah saboda al'adarsu. A kan dukiya ya yi maganar, amma ni ina ganin ta shafi lokaci ma. Shi kansa yana kan gicciye, yana ɗauke da zunubin duniya, bai manta ya danƙa mahaifiyarsa a hannun Yahaya ba.

Zan gaya miki abin da ban cika faɗa ba. Shekarar da mahaifiyata ta yi ciwonta na ƙarshe, ni ce nake riƙe da shirin babban taron mata na gundumarmu. Ta aiko a gaya mini tana son ganina, na ce a gaya mata da an gama taro zan zo. Na saya mata zane, na naɗe shi a jaka na ajiye a kan akwati. An yi taro lafiya, an yaba. Kwana biyu kafin ranar da na sa zan tafi, ƙanena ya iso da sassafe, tun daga yadda ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba na gane. Zanen yana nan a akwatina har yau, ban iya ɗaura shi ba, ban iya bayarwa ba. Na san Ubangiji ya gafarta mini, na kuma san inda take. Amma taron nan da wata ce ta riƙe shi da an yi shi, ɗiyar da tsohuwar take son gani kuwa ni kaɗai ce.

Don haka Asabar ɗin nan mai zuwa, ki aika wa shugaban mawaƙa cewa ba za ki sami zuwa koyo ba. Ki shiga motar farko. Hunturu ne, ki tafi mata da rigar sanyi da man shafawa, da ɗan abin da bakinta yake so. Ki ɗauki babban ɗanki ku tafi tare, awa biyun nan na mota zuwa da biyu na dawowa sun ishe shi ya fara buɗe miki cikinsa. In kin isa kada ki tsaya gyare-gyaren gida, ki zauna kusa da ita a kan tabarma, ki shafa mata man a ƙafa, ki duba magungunan da take sha, ki tambayi masu jinyarta abin da likita ya ce. Ki karanta mata Zabura 23 da Hausa ko da harshenku, wanda ta fi so. Kafin ki taso ki sa ranar dawowa, Asabar ta farko a kowane wata, ki faɗa mata da bakinki don ta riƙa ƙirgawa.

Ki rubuto mini bayan Ista in ji yadda ake ciki. Ki gaishe da maigida da yara, in kin je kuma ki gaishe mini da Mama, ki ce ina yi mata addu'ar samun sauƙi.

Mamanki cikin Ubangiji.